Wutar Ɗakin Goggo Hajo

Jos, 9 ga Oktoba, 1954

Zuwa ga ɗan'uwana Uwaisu Tela, gidan marigayi Baba Jumare, Kudan.

Gaisuwa mai yawa da so da yarda. Ina fatan kana lafiya, da Zulaihatu da yara, da fatan damina ta yi albarka. Mu nan lafiya lau, sai sanyin Jos da ya fara leƙowa tun lokacinsa bai yi ba. Ka durƙusa ka gaishe mini da Goggo Hajo, ka ce ɗanta yana gaisuwa.

Na ji ka gama ajin Yaƙi da Jahilci har an ba ka takarda. Madalla. Amma in rubutunka ya yi kama da ɗinkinka, na shiga uku.

Bayan haka, wani direban Makarfi da ya kawo mazarƙwaila ya gaya mini tarin Goggo ya tsananta, kuma wai Baffa Inuwa ya aiko daga Gazara ta tattara ta koma gida su yi jinyarta. Uwaisu, ka san ni, ka san Gazara. Ranar da aka rufe mahaifina, Baffa Inuwa, ƙaninsa ciki ɗaya, ya ce rumbunsa ba zai ɗauki ƙarin baki ba. Goggo, yayarsu, ita ta kama hannuna muka tako a ƙasa har Kudan, ta raine ni a gidan mijinta Baba Jumare, baffanka. Da na yi wayo na rantse da Allah ƙafata ba za ta sake taka zauren Gazara ba, kuma har yau ban taka ba. In suka ɗauke ta, sun raba ni da ita ke nan. Ina raye ba za a yi haka ba.

Ni ba mai dogon karatu ba ne. Aji biyu na yi a makarantar Midil ta Zariya na fito, na zo na ɗauki bututu a ka a wurin haƙar kuza. Yau ina da shago da ma'aikata, kuma duk Baturen da ruwan zafinsa ya ƙi zuwa, Maiwada yake nema. Ba wanda ya ɗora ni. Wani likita da na yi wa aiki ya tabbatar mini hayaƙin ɗaki shi ke cinye ƙirjin tsofaffi, Goggo kuwa tun muna yara a cikin hayaƙi take kwana take tashi.

Ga abin da na tsara. Za a gina murhu a bayan ɗakinta, ta wajen lungu, a ɗora duro cike da ruwa. In ruwan ya yi zafi, akwai famfon hannu da zai tura shi cikin bututu. Bututun zai huda bango, ya bi gefen ɗaki, ya shiga ƙarƙashin gadonta na ƙasa, ya koma duro. Zafi ya shiga, hayaƙi ya tsaya a waje. Ko a gidajen Turawa ba kowa ke da irinsa ba, balle a ƙasar Zazzau. Daga nan mutanen Gazara sai su nemi wani dalilin.

Ka karanta mata, ka rubuto mini amsarta. Ka ba da takarda a hannun mai kantin nan na Tudun Wadar Zariya, shi zai sa ta a gidan waya.

Naka,
Maiwada


Kudan, 28 ga Oktoba, 1954

Zuwa ga Maiwada Sarkin Bututu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna lafiya, alhamdu lillahi. Dawa ta yi kyau, rake ma ba laifi. Ƙaramar ɗiyata ta yi ƙyanda amma ta tashi. Zulaihatu na gaisuwa. Batun ɗinki kuwa, wandon da ka tafi Jos da shi ni na ɗinka, ban ji ya kunyata ka ba.

Takardarka ta iso. Na sami Goggo da hantsi tana kaɗi a bakin murhu, Adama da Gambo maƙwabtanmu suna zaune, sun zo ɗiban wuta hira ta riƙe su. Na karanta mata tun daga sama har ƙasa, sai wurin Baffa Inuwa ne na tsallake saboda akwai mutane. Da na zo kan duro da famfo, Gambo ta ce, "Yau ga ikon Allah, za a dafa Goggo kamar rogo." Aka yi ta dariya, ita ma har tari ya sarƙe ta.

Da ta huta ta ce, "Ɗan Jos ne ya ce?" Ka san har yau ba ta faɗin sunanka. Na ce shi ne. Ta ce, "To, duk yadda ya yi daidai ne. Allah ya yi masa albarka." Abin da kunnena ya ji ke nan na rubuta. Sai dai ta daɗe tana tona toka da tsinke kafin ta faɗa.

Tarin gaskiya ne, ba ƙari. Da asuba har sashenmu muke jiyo ta. Maganar Gazara ma gaskiya ce, amma ta ce wa ɗan aiken ita da ɗakin nan sai gawa.

Ina da tambaya. Wutar cikin ɗakin za a kashe gaba ɗaya? Ka san tun Baba Jumare yana da rai ba ta taɓa mutuwa ba, da toka ake rufe ta, kuma rabin unguwa a nan suke ɗiba kowace safiya. Da za ka zo da kanka ka zauna da ita ko kwana biyu ne kafin a taɓa bango, da ya fi. Shekara ta zagayo har ta sake zagayowa ba mu gan ka ba.

Wassalam,
Uwaisu


Jos, 12 ga Nuwamba, 1954

Ɗan'uwa Uwaisu,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ƙara wa yarinya lafiya. Nan ƙalau muke. A gaishe da Goggo da kyau.

Na ji daɗin amsarta ƙwarai. Na san dama ba za ta ƙi ba. Wanda ya miƙa maka wannan takarda shi ne Ɗan'azumi, babban ma'aikacina. Kaya sun biyo ƙaramin jirgin ƙasa zuwa Zariya, ka nemo jakuna ko mota a ƙarasa da su. Ni ba zan samu zuwa ba, ina da aikin gidaje uku a hannu, in na ɗaga ƙafa wani ya karɓe. Ɗan'azumi hannuna ne, abin da ya ce ni na ce.

Wutar ɗaki kuwa, ai domin a kashe ta ake wannan wahala duka. Wa ke shan magani yana haɗawa da cuta? A fasa murhun ciki, a toshe ramin wutar da ke ƙarƙashin gado, a shafe bangon da farar ƙasa. Masu ɗiban wuta ga babbar wuta nan a lungu, su ɗiba har su gaji, ba sai sun shiga sun dame ta ba. Tsohuwa ma ta huta da surutun mata, kullum ɗaki cike kamar kasuwar Makarfi.

Ka ji da kyau, ka kuma gaya wa Zulaihatu: daga ranar da aka gama, ko garwashi ɗaya kada ya shiga ɗakin nan. In na ji an shigar, ni da ku ne.

Naka,
Maiwada


Kudan, 2 ga Disamba, 1954

Zuwa ga Maiwada.

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Sanyi ya shigo sosai, an fara matsar rake, dawakai na ta zagaya injin. Goggo na sa albarka.

An gama aiki, Ɗan'azumi zai ba ka labari da bakinsa, amma ga nawa. Mutumin naka ya iso da gajeren wando da hular kwano, yara suka bi shi suna kallo har ƙofar gida. Sai da na ara masa riga kafin na shigar da shi cikin gida. Aiki kam ya iya, ba na hana shi. Da bututu ya ƙi shiga sai ya zage shi da Turanci, ya kuwa shiga.

Goggo ta koma ɗakin Zulaihatu har aka gama. Ranar da za a fasa murhu ta ce a dakata. Ta shiga ta kwashe garwashin a kasko da hannunta, ta kai sabon murhun na lungu ta ce da shi za a hura. Ɗan'azumi ya ce yana da ashana. Ta ce, "Riƙe abarka, ɗan nan."

Ranar da aka buga famfo, garin nan kaf ya zo. Liman ya dafa bututu ya janye hannu da sauri, ya ce, "Wuta a waje, zafi a ciki, Allah mai iko." Bobbo mai shanu ya tambaya ko za a yi wa 'yan maruƙansa irinsa. Ɗan'azumi ya tsaya a bakin ƙofa ya yi wa mata jawabi: ba taɓa bututu, ba jingina da bango, ba tofar da goro, ba shigowa da wuta, wai umarnin Maigida ne daga Jos. Adama ta leƙa ta ga bango fari fat, ta dubi ƙafafunta, ta ce, "Ni da wannan faso nawa ina zan taka?" Ta yi gaisuwa daga waje ta juya.

Da aka shigar da Goggo ta dudduba, ta ce, "Sai ka ce asibiti." Ta zauna a gado, ta shafa shi, ta ce lallai akwai ɗumi. Ta ce a gaya maka ta gode, ba ta taɓa ganin irinsa ba.

Duron nan mayunwaci ne, yana cin itace kamar gidan biki, da tuƙar rake muke taimaka masa. Ni ke buga famfo safe da yamma, har damtsena ya fara fitowa. Amma gaskiya ɗaya ce, tari ya yi sauƙi ƙwarai, idonta ma ya daina ruwa. Da asuba yanzu ba ma jin komai. Ɗakin ya yi tsit.

Wassalam,
Uwaisu


Jos, 11 ga Disamba, 1954

Ɗan'uwa,

Gaisuwa. Lafiya lau muke. Takardarka ta wanke mini zuciya, sai da na karanta wa ma'aikatana wurin da ka ba da labarin Liman. Ɗaki ya yi tsit, abin da nake nema ke nan. In ka ga wani mai zuwa Gazara, ya gaya wa Baffa Inuwa marayan nan da rumbu bai ɗauka ba ya warkar da yayarsa, ya ajiye tausayinsa.

Gobe zan tafi Barikin Ladi da mutanena, akwai babban aiki, zan jima. A gaishe da Goggo.

Maiwada


Kudan, 26 ga Disamba, 1954

Zuwa ga ɗan'uwana Maiwada.

Bayan gaisuwa, jiki lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba. Na ga ka fahimci maganata ta baya ba yadda na nufa ba, laifina ne, ban iya jera magana a takarda ba tukuna. Bari in faɗa dalla-dalla.

Ba mai shiga ɗakin Goggo yanzu. Da, mace za ta zo da tsingaro ɗiban wuta, kafin a tono mata garwashi ta zauna, ta faɗi wanda ya haihu, wadda ta yi yaji, ta nuna ƙurjin ɗanta a gaya mata magani. Wata ta gasa gyaɗa, wata ta ɗumama kunu. Ni kaina ban san wutar ce ke kawo su ba, na ɗauka zumunci ne kawai. Zumuncin yana nan, amma mace ba ta barin aikin safe ta shiga gidan wani ba dalili, mijinta ma zai tambaya. Yanzu ta lungu suke bi, su ɗiba, su ɗaga murya ta bayan bango, "Goggo an tashi lafiya?" Kafin ta amsa sun yi nisa. Ita kuwa tana zaune ta jingina kunne da bangon. Na gaya musu su riƙa shiga, sun ce to, suka yi kwana biyu suka daina. Jawabin Ɗan'azumi bai fita daga kansu ba.

Makon jiya surukar Gambo ta haihu. Ka san duk yaran unguwar nan Goggo ce ta yanke musu cibi. Ba a kira ta ba, wai kada a fito da ita daga ɗumi ta kamu da sanyi Ɗan Jos ya yi faɗa. Ba ta ma ji labari ba sai da aka aiko da goron suna. Ta riƙe goron a hannu har azahar ba ta ci ba.

Shekaranjiya ta fita da kanta ta ɗebo garwashi a kasko, ta ajiye a tsakar ɗaki, ta bar ƙofa a buɗe. Zulaihatu ta gani, tsoronka ya kama ta, ta ce, "Goggo ki yi haƙuri, an hana." Ta ɗauke kaskon. Goggo ba ta yi musu ba, sai ta ce, "Haka ne, ɗakinsa ne." Zulaihatu ta dawo tana kuka, ta ce ba za ta sake zama 'yar doka a kan tsohuwa ba.

Ta daina kaɗi. Tuwo ma kaɗan take taɓawa. Ba za ta taɓa ce maka ba ta so ba, ka fi ni sanin haka. Kyautar ɗan da ta raina ce, ko dutse ka ɗora mata sai ta ce ya yi daidai.

Roƙona ɗaya: ka yarda a mayar da ƙaramin murhu a bakin ƙofa daga ciki, bututunka yana nan ba mai taɓawa. Da bakinka take so ta ji, in ni na hura ba za ta yarda ba. Baffa Inuwa ya zo da kansa ranar Juma'a, wannan karon ba ta ce masa a'a ba, ta ce sai ta ji daga Jos. Ka yi sauri.

Wassalam,
Uwaisu


Jos, 24 ga Janairu, 1955

Uwaisu,

Gaisuwa. Jiya na dawo daga Barikin Ladi na tarar da takardarka a shago, ta yi ƙura. Ina lafiya, sai gajiya.

Na karanta, raina ya ɓaci. Mace ta shekara da shekaru tana tari kamar ƙirjinta zai tsage, Allah ya kawo sauƙi ta hannuna, yanzu kuma in sa a mayar da cutar saboda matan unguwa ba su da wurin gulma? Rashin hira ba ya kisa, tari ke kisa. Sabo ne, za ta saba da wannan kamar yadda ta saba da wancan. Ni da na zo Jos ban san kowa ba, na kwana a rumfar kasuwa, ban mutu ba.

Ka faɗi gaskiya, ko buga famfo ne ya gundure ka? In shi ne, ka nemi wanda zai riƙa yi, nauyinsa a wuyana. Wannan ita ce matsalar mutanenmu, a kawo musu ci gaba su ce toka suke so.

In sautin mutane take nema, na sayi garmaho da faifan waƙa, zan aiko da shi wurin direban Makarfi. Ka koya wa Zulaihatu yadda ake murɗa shi. Wuta dai ban yarda ba. Baffa Inuwa kuwa, da can ina yake?

Ka gaishe ta.

Maiwada


Jos, 31 ga Janairu, 1955

Ɗan'uwa Uwaisu,

Gaisuwa. Ka yi haƙuri da maganar famfo, fushi ne. Tun da na aika waccan takarda maganar nan ta "ɗakinsa ne" ta tsaya mini a wuya. Ni ban gina wa kaina ɗaki ba.

A mayar da murhun. Ƙarami, kusa da ƙofa, da busasshen itace. Ka ce mata ni na ce. Matan su shiga da fasonsu, su jingina da bango, farar ƙasa ba ta ƙare a duniya ba. Waccan takardar kada ka karanta mata.

Maiwada


Kudan, 13 ga Fabrairu, 1955

Zuwa ga Maiwada.

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Ba na riƙe da kai a kan maganar famfo, mun saba.

Takardarka ta biyu ta iso ranar Laraba. Goggo ta tafi Gazara ranar Litinin.

Ga yadda aka yi. Duk tsawon Janairu kullum sai ta tambaya ko an ji daga Jos, in ce tukuna. Da ta farkon ta zo, na shiga na karanta mata gaisuwa na ninke. Ta dubi takardar ta ce, "Duk wannan baƙi haka gaisuwa ce kaɗai?" Na ce sauran maganar aiki ce. Ta ce, "Ya yarda?" Na cusa takardar a aljihu. Ta ce, "Allah ya yi masa albarka, lafiyata yake nema." Washegari ta aika Gazara.

Garmahon ya riga takardar isowa. Zulaihatu ta murɗa mata sau ɗaya, ta saurara har ya ƙare, ta ce, "Muryarsa da daɗi, amma ba ya amsa sallama." Yana nan a rufe da zane.

Baffa Inuwa ya zo da jakuna biyu da surukansa mata. Ya tsufa, Maiwada, da sanda yake tafiya, ido ɗaya ya tafi. Ya shiga ɗakin ya dafa bututu ya ce, "Yaron nan ya zama mutum." Ya fita aka hau ɗaure kaya.

Ranar tafiya unguwa ta cika gidan. Adama ta rungume ta tana cewa, "Da mun sani ai da mun shiga ko da za a ɗaure mu." Goggo ta ce, "Ke dai Adama, ki daina sa wa jikanki kanwa da yawa." Na ce mata ta ƙara haƙuri ko mako ɗaya ne. Ta ce gidan Inuwa akwai masu ciki biyu, akwai yara, akwai hayaniya, ita kuma ba ta san kwanan da ya rage mata ba, ba ta so ta ƙarasa shi tana sauraron bango.

Ga saƙonta, yadda ta faɗa: "Ka ce wa Ɗan Jos ɗaki ya yi kyau, tari ya tafi, ban riƙe shi da komai ba. Kada ya rushe, ya sha wahala. In yana son ganina ya san hanyar, da ƙafarsa ya taɓa bin ta."

Jiya na je Gazara da takardarka ta biyu na karanta mata. Na same ta a madafi cikin hayaƙi, jariri a cinya, tana yi wa wata faɗa a kan gishiri. Ta sa na maimaita wurin faso, ta yi dariya har da hawaye. Na ce to a koma? Ta ce tsohuwa ba ta ƙaura sau biyu, kuma ba za ta kunyata ƙaninta ba bayan ya zo da kansa. Tarin ya fara dawowa, ba zan ɓoye maka ba.

Duro ya huce. Me za a yi da shi?

Wassalam,
Uwaisu


Jos, 25 ga Fabrairu, 1955

Zuwa ga ɗan'uwana Uwaisu.

Gaisuwa mai yawa, da godiya gare ka da Zulaihatu. Ka ce mata ta yafe mini kaskon nan, ni na sa ta. Lafiyar jiki ina da ita.

Aikin ba shi da aibi, wannan ko a gaban wa zan faɗa. Ba inda ya yi yoyo, likitan ma bai yi ƙarya ba. Amma ka ce in zo in zauna kwana biyu kafin a taɓa bango, na tura Ɗan'azumi. Ka rubuta ta daɗe tana tona toka, na karanta da idona na wuce. Na auna faɗin ɗakin da tsawonsa daga nan Jos, ban kuskure ko taku ɗaya ba, a ɗakin kuma na girma, amma ban taɓa tambayar kaina me matan nan suke zuwa yi ba. Gidajen nan uku da na ƙi bari, yau ko sunan masu su ba na son ji.

Duro ka ba Bobbo ya shayar da shanu. Bututun a bar shi yadda ta ce.

Na ba Ɗan'azumi riƙon shago. Zan hau jirgi bayan Juma'a mai zuwa, in sauka wurinka tukuna. Abu biyu nake so kafin in iso. Ka ɗinka mini riga da wando irin na gida, fari, ba ado, don ba ni da komai sai kwat, ba zan shiga da ita ba. Na yi ƙiba, ka ƙara faɗi. Na biyu, ka je wurin Liman kai kaɗai ka tambayar mini kaffarar rantsuwa, ciyarwa ce ko azumi, in sauke ta kafin in kama hanyar Gazara. Ba sai ka faɗi mai tambaya ba, ko da yake zai gane.

Ka aika Gazara a gaya wa Baffa Inuwa ina zuwa, kada a ce na faɗo masa gida ba sanarwa. Ka raka ni, don ban san me bakina zai faɗa ba in na gan shi, in na fara sai ka taka mini ƙafa. Zan yi sallama a ƙofar zaure kamar kowane baƙo. In ya bar ni a tsaye, zan tsaya.

Naka,
Maiwada